'Yan Aike a Filayen Daga: Sharhi a kan Wasan Jiyokashin da Ziyarar Wuraren Yaƙi

Jiyokashin wasa ne na ɓoyo da nema da ake yi a sarari, inda mutum zai ɓoye ɗan akwati ko gwangwani a wurin da jama'a ke iya zuwa, ya ɗauki lambobin da na'urar GPS ta ba shi na daidai wannan wuri, ya wallafa su a intanet, sannan waɗansu da bai taɓa gani ba su bi lambobin har su gano abin, su sa hannu a ɗan littafin da ke ciki, su mayar da shi yadda suka same shi. Akwatin da aka ɓoye shi za a kira ma'ajiya a wannan sharhi, kuma a yau akwai irinsa fiye da miliyan 3 a ƙasashe sama da 190. Galibin abin da ake tararwa a ciki tarkace ne na musaya, wanda ya ɗauki ɗaya ya ajiye wani a madadinsa, amma akwai wani rukuni na kaya da ba a musaya da su kuma ba a mallake su, domin mai su ya sake su ne don su yi tafiya daga ma'ajiya zuwa ma'ajiya a hannun duk wanda ya tsince su, yana biye da labarinsu ta wata lamba da aka zana a jikinsu. Waɗannan su ne 'yan aike. Daga cikin manufofin da masu su ke ɗora musu akwai wadda ta fi sauran nauyi, wato a kai ɗan aike filin wani yaƙi na tarihi, ko maƙabartar sojoji, ko gaban bangon da aka rubuta sunayen waɗanda suka ɓace, a ɗauke shi hoto a can, a rubuta abin da aka gani. Tambayar da ke bayan wannan al'ada ita ce ko ya dace abin da asalinsa wasa ne ya taka ƙasar da ta sha jinin dubban mutane, kuma idan ya dace, bisa waɗanne sharuɗɗa.

Kafin a shiga wannan tambaya, ya kamata a san cewa wasan kansa ɗan gidan soja ne tun daga tushe. Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta fara shirin GPS a 1973, ta harba tauraron ɗan'adam na farko na shirin a 1978, kuma shekaru da dama tana gurɓata saƙon da farar hula ke samu da gangan, yadda na'urar mutum za ta iya kauce wa wurin da yake tsaye da kimanin mita 100. A farkon watan Mayu na 2000 gwamnatin Bill Clinton ta daina wannan gurɓatawa, kuskuren ya ragu zuwa 'yan mitoci, kuma ranar 3 ga wannan wata wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sanar da lambobin wurin don a gwada ko za a iya gano shi. A watan Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe Geocaching.com da ma'ajiyoyi 75, kamfanin Groundspeak da ke birnin Seattle ya ci gaba da kula da shi, kuma a 2001 aka fito da nau'o'in 'yan aike guda biyu da suka fi shahara har yau: Travel Bug, wanda ɗan ƙarfe ne da ake rataya wa wani abu, da kuma tsabar da ake bugawa da lamba a jikinta, wadda Jon Stanley ya fara yi. Hatta akwatin da 'yan wasan suka fi yabo, saboda ruwa ba ya shigarsa kuma dabba ba ta iya buɗe shi, tsohon akwatin harsashi ne na ƙarfe da ake saye daga ragowar kayan sojoji, wanda ake umartar mai shi ya goge rubutun soja da ke jikinsa don kada wanda ya gan shi ya tsorata.

Ƙarfen Travel Bug ya cancanci a dube shi da kyau. Ɗan falle ne na alminiyam mai tsawon da bai kai ɗan yatsa ba, kusurwoyinsa a dunƙule, da huda a gefe guda inda ake zura siririyar sarƙa mai ƙwallaye, a fuskarsa an zana ƙwaro da layuka irin na lambar kaya a kanti, a ƙarƙashin ƙwaron kuma haruffa da alƙaluma guda shida waɗanda babu wani ƙarfe da ke da irinsu. Ana sayar da shi bibbiyu, ɗaya ya tafi yawon duniya, ɗaya ya zauna wurin mai shi. Duk wanda ya taɓa ganin lambar wuyan soja zai gane daga inda aka ɗauko siffar. Ita lambar wuya kuwa buƙatar sanin gawa ce ta haifar da ita: a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, inda fiye da kashi 40 cikin 100 na mamatan rundunar Arewa aka binne su ba a san ko su wane ne ba, an ruwaito cewa kafin farmakin Cold Harbor a 1864 sojoji sun riƙa rubuta sunayensu a takarda suna maƙalawa a bayan rigunansu. Rundunar Amurka ta wajabta lambar wuya a 1906, ta ƙara ta biyu a 1916, kuma a wannan shekarar Birtaniya ma ta raba wa sojojinta guda biyu, koriya da ake bari a jikin gawa da ja da ake cirewa a kai ofis don a sanar da iyali. Da yake na Birtaniya ba na ƙarfe ba ne, na wani matsattsen zare ne mai ruɓewa a cikin laka, da yawa daga gawawwakin da aka tono bayan yaƙi babu abin da ya rage a wuyansu da za a iya karantawa. Saboda haka idan jikan wani soja ya ɗaura hoton kakansa a irin wannan ƙarfe ya sake shi, ya riƙe ɗan'uwan ƙarfen a gida, yana maimaita tsarin da aka ƙirƙiro don kada mamaci ya rabu da sunansa, ko ya san da haka ko bai sani ba.

Yadda ɗan aike ke tafiya abu ne mai sauƙi. Mai shi zai yi masa rajista, ya buɗe masa shafi, ya rubuta manufarsa, misali a kai shi gaɓar Normandi inda mahaifinsa ya sauka ranar 6 ga Yuni 1944, ko a zagaya da shi filayen Yaƙin Duniya na Ɗaya kafin a dawo masa da shi. Wanda ya tsince shi a ma'ajiya zai shigar da lambar nan ta sirri don ya tabbatar cewa abin ya zo hannunsa, ya riƙe shi na ɗan lokaci, wanda al'adar wasan ta ƙayyade da kimanin mako biyu, sannan ya ajiye shi a wata ma'ajiya da ta fi kusa da inda aka nufa. Akwai kuma abin da ake kira ziyara, inda mai riƙe da shi zai rubuta cewa ɗan aiken ya je wuri kaza tare da shi ba tare da ya bar shi a can ba, da kuma gani kawai, inda mutum zai shaida ya gan shi amma bai ɗauka ba. Kwamfuta na lissafa tazarar da ke tsakanin kowace ma'ajiya da mai bi mata a miƙe, ta zana hanyar a taswira. Babu wanda ake biya, babu wanda ake tilasta wa, kuma babu hukuncin da ke kan wanda ya jefa abin a aljihun jaka ya manta. Tsarin ya yi kama da saƙon da ake ba matafiyi a tasha, wanda ba ya da wani tabbaci sai amanar wanda ya karɓa, illa dai shi wannan saƙon yakan ratsa hannun mutum goma ko ashirin da ba wanda ya san wani a cikinsu.

Dalilin da ya sa filayen yaƙi ke jan irin wannan aike a bayyane yake idan aka duba yadda yaƙe-yaƙen ƙarni na 20 suka warwatsa mamata. Birtaniya ta yanke shawarar kada a mayar da gawar kowane soja gida, a binne kowa kusa da inda ya faɗi, kuma hukumar da Fabian Ware ya assasa a 1917, wadda yanzu ake kira Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Rainon Ingila, tana kula da tunawa da mutum miliyan 1.7 a wurare kimanin 23,000 cikin ƙasashe fiye da 150. Wannan na nufin iyalai a Ostareliya da Kanada da Niyu Zilan da Indiya suna da kabari ko suna a bango a wata nahiya da yawancinsu ba za su taɓa takawa ba. A Thiepval da ke yankin Somme a Faransa, inda rundunar Birtaniya ta rasa rayuka 19,240 a rana guda, 1 ga Yuli 1916, an sassaƙa sunaye fiye da 72,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. A Ƙofar Menin da ke Ypres a Beljiyam akwai fiye da 54,000, kuma tun 1928 ake busa ƙahon bankwana a ƙarƙashinta da ƙarfe takwas na kowane dare, in ban da shekarun da Jamus ta mamaye garin. A Colleville-sur-Mer da ke Normandi, bisa tudun da ke kallon gaɓar Omaha, Amurkawa fiye da 9,300 ne a kwance. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, kuma gaskiya ne, sai dai tsohuwar da ke wani ƙauye a Kwinsilan ta Ostareliya, wadda ba ta da kuɗin jirgi ko lafiyar tafiya, aike shi ne abin da ya rage mata.

Abin da ke sa wannan aike ya zama mai daraja shi ne aikin da yake ɗora wa ɗan saƙon. Mutumin da ya ɗauki ƙarfe daga wata ma'ajiya a gefen titi a Holan, ya karanta a shafinsa cewa ana so a kai shi gaban sunan wani soja a Thiepval, ya ɗauki nauyin da ba shi da shi a da. Idan ya isa, dole ya buɗe ƙaramar ƙofar tagulla da ke jikin ginin inda ake ajiye littafin rajista, ya bi jerin sunaye har ya sami lambar ginshiƙi da fuskar da aka rubuta sunan, ya zagaya ginshiƙai goma sha shida yana ɗaga kai, domin an jera sunayen ne bisa runduna da muƙami, wasu can sama inda ido ke wahalar kaiwa. Daga cikin sunaye 72,000 da ke iya zame wa mai yawon buɗe ido zane kawai a jikin dutse, ya tsaya a kan ɗaya, ya san shekarun mai shi da garinsu da wanda ke tunawa da shi har yanzu. Sannan zai koma ya rubuta wa mutumin da bai sani ba cewa ya je, ya gani, ga hoto, ga yadda wurin yake. Masu kula da wuraren tarihi suna kashe kuɗi mai yawa don su sa baƙo ya yi wannan tsayuwa ta minti biyar a kan mutum guda, ga shi ɗan ƙarfen da kuɗinsa bai wuce na abincin rana ba yana sa a yi ta. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayan al'adar ke da ita, kuma hujja ce ta gaske.

Sai dai filin yaƙi ba kamar sauran wuraren shaƙatawa ba ne, kuma matsala ta farko ita ce ƙasar kanta kabari ce. A Verdun, inda Faransa da Jamus suka gwabza daga Fabrairu zuwa Disamba 1916, ɗakin ƙasusuwa na Douaumont na ɗauke da ragowar mutum kimanin 130,000 da ba a iya tantancewa ba, kuma dajin da ke kewaye da shi har yanzu yana fitar da ƙasusuwa. Ƙauyuka tara aka shafe a wannan yanki, shida daga ciki ba a sake gina su ba, irin su Fleury-devant-Douaumont, wanda babu mazauni ko ɗaya a cikinsa amma hukuma na naɗa masa magajin gari don kada sunansa ya fita daga taswira. Ɓoye robar abinci a gindin bishiya a irin wannan wuri, a kuma gayyato ɗaruruwan mutane su riƙa laluben saiwoyi da ɗaga duwatsu, abu ne da ko ba doka ta hana shi ba kunya za ta hana. Dokokin wasan sun haramta tona rami don binne ma'ajiya, sun wajabta neman izinin mai ƙasa, sun sa tazarar aƙalla mita 161 tsakanin ma'ajiya da ma'ajiya, kuma akwai masu tacewa na sa-kai da ke duba kowace sabuwa kafin a wallafa ta. A Amurka hukumar gandayen ƙasa, wadda ke riƙe da filaye irin su Gettysburg inda aka yi yaƙin kwana uku a Yuli 1863, ba ta yarda a ajiye akwati a filayenta sai da izinin shugaban wurin, kuma dokar kare kayan tarihi ta 1979 ta sa tono ko ɗaukar kayan tarihi daga ƙasar tarayya ba tare da izini ba laifi ne. Amma mai tacewa yana duba taswira ne daga ɗakinsa, ba ya ganin ciyawar da ƙafafu suka kashe, ko bakin tsohon ramin yaƙi da ya fara zubewa saboda kowa ta nan yake yanke hanya.

Matsala ta biyu ta rai ce. Cikin ɗimbin bama-baman da aka harba a fagen yamma tsakanin 1914 da 1918, kaso mai yawa bai fashe ba, kuma kowace shekara garmar manoma a arewacin Faransa da Beljiyam na tono su, a jera su a bakin gona har sojojin kwance bam su zo su kwashe, abin da mutanen yankin ke kira girbin ƙarfe. Wasu na ɗauke da iskar guba. A Maris 2014 wani tsohon bam ya kashe ma'aikatan gini biyu a Ypres, shekara kusan ɗari bayan an harba shi. Bayan yaƙin Faransa ta killace fiye da murabba'in kilomita 1,200 a matsayin jan yanki da ba a noma ba a zama, kuma ko da yake an rage shi sosai, akwai sassan da har yau ba a shiga. A tudun Vimy, inda Kanada ke da babban ginin tunawa da sojojinta, tumaki ne ke cinye ciyawar sassan da aka kewaye da waya, domin ba a yarda mutum ya tura injin yankan ciyawa a kansu ba. Wasan da ginshiƙinsa shi ne a sauka daga hanya a zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin tsohon ƙarfe bai dace da irin wannan ƙasa ba ko kaɗan. Akwai ma haɗari ta ɗaya ɓangaren, wato a ɗauki ma'ajiyar kanta a matsayin bam, kamar yadda ya faru a garin Wetherby na Ingila a 2011, inda aka rufe tsakiyar gari aka kira sojoji suka tarwatsa wata roba da aka ga wani yana ɓoyewa.

'Yan wasan ba su rasa dabarun kauce wa waɗannan matsaloli ba, kuma a nan ne bambancin da ke tsakanin ma'ajiya da ɗan aike yake da muhimmanci. Ma'ajiya tana zama a wuri tana jawo ƙafafu, shi kuwa ɗan aike wucewa yake yi, ana iya shiga da shi a aljihu a fito da shi a aljihu. Akwai nau'in ma'ajiya marar akwati, inda ake buƙatar mutum ya je wurin ya amsa tambaya ko ya ɗauki hoto kawai. An daina karɓar sababbi irinta a 2005, aka dawo da ita a taƙaice a 2017, kuma ita ce ta fi dacewa da maƙabartu da gine-ginen tunawa, tunda za a iya rubuta cewa ɗan aike ya ziyarce ta ba tare da an bar ko tsinke ba. Akwai kuma mai matakai, inda za a tura mutum ya karanta allon tarihi ko shekarar da ke jikin wani gini, ya yi lissafi da alƙaluman, su kai shi ga akwatin da ke can waje, a wurin ajiye motoci ko a gonar wani da ya ba da izini. Wannan dabara ta biyu tana da nata aibin da bai kamata a rufe ido a kai ba: idan umarnin ya ce a ƙirga haruffan sunan soja na uku a jere na biyar a haɗa da shekarunsa, an mai da mamaci alƙalamin lissafi, kuma mai gaggawar ƙara adadin ma'ajiyoyin da ya gano zai karanta sunan ba tare da ya ga mutum ba. Tambayar da ta shafi abin da ya faru a wurin ta fi wadda ta shafi adadin haruffa mutunci nesa ba kusa ba.

Masu suka sukan haɗa jiyokashin da abin da ya faru a 2016, lokacin da wasan waya na Pokémon Go ya cika wurare masu alfarma da mutane suna farautar dodannin zane, har gidan tarihin kisan ƙare dangi na Washington da maƙabartar Arlington da hukumar Auschwitz da birnin Hiroshima suka nemi a cire su daga wasan. Kwatancin yana da gaskiya ta fuska ɗaya, domin duka biyun suna shimfiɗa taswirar wasa a kan taswirar makoki, kuma wanda ya zo kuka a kabarin ɗan'uwansa ba ruwansa da wane irin wasa ne ya kawo mai dariya a bayansa. Amma akwai bambanci na asali. A wancan wasa wurin ba shi da wata ma'ana, dodon da ke Arlington shi ne dai wanda ke bakin kasuwa, alhali ɗan aiken da aka tura Normandi saboda Normandi aka tura shi, kuma idan aka cire tarihin wurin babu dalilin tafiyar. Inda al'adar ke lalacewa shi ne inda ta rasa wannan alaƙa, kamar a jingina ɗan tsana mai ban dariya a jikin dutsen kabari don hoto ya yi kyau, ko a shirya tseren 'yan aike a ga wanda zai riga taɓa filayen yaƙi goma. Akwai kuma wuraren da, a ra'ayin wannan sharhi, ko ziyarar aljihu ba ta kamata a rubuta ta cikin lissafin wasa ba, wato sansanonin kisan ƙare dangi da ramukan da aka zuba farar hula, domin waɗanda ke ciki ba su da runduna ko tuta ko wata nasara da za a ce ana girmamawa, sai zalunci tsagwaronsa.

Wani abin da mai sakin ɗan aike ya kamata ya sani tun farko shi ne yawancinsu ba sa daɗewa. Wani yaro zai ɗauka a zaton kayan musaya ne, wani zai daina wasan da abin a jakarsa, ambaliya ko masu share daji za su tafi da ma'ajiyar gaba ɗaya, tsabobi masu kyau kuma akwai masu tara su da gangan. Shi ya sa masu ƙwarewa ke sakin kwafi, wato hoto ko ɗan katako mai ɗauke da lambar, su bar na ainihi a gida. Wannan shawara ta fi zama wajibi ga 'yan aiken tunawa, domin lambar yabo ta kaka, ko maɓallin rigarsa, ko ainihin lambar wuyansa, kayan gado ne da ba a maye gurbinsu, kuma jefa su cikin akwatin da ke ƙarƙashin gada sakaci ne komai kyan niyya. Sannan labarin tafiyar duka, da hotunan da baƙi suka ɗauka da kalaman da suka rubuta, yana zaune ne a rumbun kamfani guda mai zaman kansa, wanda ba shi da alkawarin dawwama irin wanda hukumar kaburbura ta ɗauka, don haka iyalin da abin ya dame su gara su kwafe shi su adana da kansu.

Akwai kuma gefen da ba a cika magana a kansa ba, wanda ya shafi inda 'yan aike ke iya zuwa da inda ba sa iya zuwa. Ɗan aike ba ya tafiya sai inda akwai ma'ajiyoyi da matafiya, su kuwa sun taru ne a Arewacin Amurka da Turai da Ostareliya, musamman Amurka da Jamus, inda mutane ke da mota da hutu da hanyoyin da ba a tsoro. Taswirar da tafiye-tafiyensu ke zanawa, saboda haka, ta wadata ce fiye da ta yaƙi. Yaƙe-yaƙen duniya biyu kuwa ba a Turai kaɗai aka yi su ba. A Mora da ke duwatsun Mandara a arewacin Kamaru, sojojin Najeriya da suka taso daga Maiduguri tare da na Faransa sun yi wa rundunar Jamus ƙawanya daga Agusta 1914 har Fabrairu 1916, kuma yawancin masu harbin juna a ɓangarorin biyu 'yan Afirka ne. A Yaƙin Duniya na Biyu dubun-dubatar 'yan Afirka ta Yamma, cikin runduna ta 81 da ta 82, sun yi yaƙi da Japan a Bama, a kwarin Kaladan da Myohaung. Sunayen barikoki irin su Dalet da Kalapanzin a Kaduna da Chindit a Zariya daga wannan yaƙi suka samo asali. Waɗanda ba su dawo ba suna kwance a maƙabartu irin ta Taukkyan kusa da Yangon, ko sunayensu na cikin kusan 27,000 da ke jikin ginshiƙan tunawa a can. Yankin Rakhine, inda Kaladan yake, fagen yaƙi ne a yau, Mora kuma ta sha fama da hare-haren Boko Haram, ga shi jikokin 'yan mazan jiya a Kano ko Tamale ba su cikin masu wannan wasa sai ɗaiɗaiku. Ƙarfen da aka saka da sunan wani Bahaushe da ya faɗi a Kaladan zai iya shekaru yana kewaya Turai bai sami mai kai shi ba.

Ƙasan wannan akwai giɓin da ya fi zurfi, domin ɗan aike yana buƙatar abu biyu kafin a tura shi, suna da wuri, kuma akwai mamata masu yawa da aka hana su duka biyun. A Afrilu 2021 wani kwamiti da hukumar kaburburan ta kafa da kanta ya bayar da rahoto cewa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya mutum 45,000 zuwa 54,000, galibi Indiyawa da 'yan Afirka, ba a tuna da su daidai da Turawa ba, kuma aƙalla 116,000, wataƙila har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka ta Gabas da Misirawa, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, ko ma ba a tuna da su sam. Da yawansu 'yan dako ne da suka mutu da yunwa da cuta a kan hanya, jami'an mulkin mallaka na lokacin kuma suka ga ba su cancanci dutse ɗaya-ɗaya ba. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a gaban majalisa, hukumar ta shiga binciken tsofaffin takardu a ƙasashen Afirka don zaƙulo sunaye, kuma a Janairu 2025 aka buɗe wurin tunawa a Cape Town mai ɗauke da sunayen fiye da mutum 1,700 na rundunar ƙwadago ta Afirka ta Kudu. Aikin zaƙulo sauran yana ci gaba a Kenya da Saliyo da wasu ƙasashe, kuma ya dogara ne a kan rajistar albashi da ta asibiti da suka tsira, da kuma abin da iyalai suka riƙe a ka.